Takin Gidan Gwadabe

Akwai wani gida a Koki, cikin lungun da mota ba ta shiga sai kurar tura kaya, wanda tun daga bakin soro hancinka zai gaya maka akwai abin da ba daidai ba. Gidan Alhaji Gwadabe ne. Gaban gidan an shafe shi da siminti, an yi fenti, an shimfiɗa tayil a tsakar gida. Amma can ƙurya, bayan an wuce ɗakin girki da rijiya, akwai tsohon sashe na ginin ƙasa da aka tokare da langa-langa. A nan ake jibge kashin kaji. A nan kuma Luba take kwana.

Luba ƙanwar Alhaji ce, ciki ɗaya. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, shi ya sa ta dawo gidan ubanta. Alhaji yana da gidan gonar kaji a bayan gari, babban ɗansa Nazeer ke kula da shi. Duk mako 'yan kura za su shigo da buhunan kashin kajin su zazzage a ƙofar ɗakinta. Ita za ta baza, ta jujjuya da shebur har ya bushe, ta tankaɗe da rariya, ta ɗura a ƙananan buhuna masu hoton koren ganye, waɗanda aka rubuta wa "takin gargajiya, babu sinadari". 'Yan lambu da masu sayar da furanni suna rububinsa.

Ba wanda ya taɓa ce mata dole ne. Ranar da aka kawo kura ta farko Alhaji cewa ya yi, "Luba, zama haka kashe jiki yake yi. Ga ɗan abin motsa jini." Ta ce to. Mutumin da yake ci a gidan wani, to ɗinsa ba ta da wuyar fita.

Warin ya fara kama zanenta, sannan gashinta, sannan fatarta. Ko ta yi wanka da soso da sabulu, in ta zauna kusa da mutum sai ta ga ya ɗan gyara zama. Hajiya Rukayya, matar Alhaji, ta ware mata kwano da kofi. Daga baya aka daina kiranta tsakar gida cin abinci, sai a ajiye mata a bakin langa-langa a ƙwanƙwasa. In za a tafi suna ko biki a dangi, sai ta ji ƙarar takalma da ƙamshin turare sun wuce, gidan ya yi tsit. Da yamma Hajiya za ta leƙo, mayafi a hanci, ta ce, "Ai mun ga kina ta fama, ba mu so mu tashe ki ba. Kowa yana gaishe ki."

Da farkon damina abin ya faru. An yi ruwa da asuba, tulin kashin ya jiƙe, baƙin ruwa yana tsiyaya har bakin ƙofarta. Ta fito da silifa za ta ja leda ta rufe, ƙafarta ta dama ta nutse, ta ji wani abu ya tsaga mata dunduniya. Da ta laluba sai ta zaro fasasshiyar ƙaramar kwalba, irin ta maganin kaji. Ta saba tsintar irinsu a rariya. Ta wanke da ruwan gishiri, ta yagi tsumma ta ɗaure, ta koma bakin aiki, don a ranar ake jiran buhuna.

Ciwon bai rufe ba. Bakinsa ya yi fari, ƙafar ta kumbura, ta fara ruwa. Ta tare Nazeer ranar da ya zo ƙirga kaya.

"Nazeer, dubi ƙafar nan tawa."

Ya leƙa daga nesa, wayarsa a kunne. "Kai, Gwaggo, ai ba wani abu ba ne. Zan biya kemis."

Ya kawo mata kafso ja da baƙi, ya ce ta sha safe da yamma. Ta shanye, ba sauƙi. Ya kawo wani launin. Shi ma haka. Mai kemis ya zo da kansa ya yi mata allurai, ya naɗe ƙafar da bandeji, ya karɓi godiya ya tafi. Ƙafar ta ci gaba da abin da take yi. Tafiya ta gagara sai da sanda, don haka ta jawo turmi ta kife, ta riƙa tankaɗe a zaune, ƙurar tana sauka a kan bandejin.

Wata safiya ta rarrafa har soro ta jira Alhaji ya dawo daga masallaci. Ta durƙusa yadda ta iya.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya ƙafar?"

"Ita ce ta kawo ni. Yaya, da za a ɗauke takin nan daga ƙofata ko na ɗan lokaci. Ruwansa yana shiga ciwon. Kuma na gaji."

Alhaji ya ja carbi, ya dubi rufin soron. "Luba, ciwo jarrabawa ce, ba taki ke kawo shi ba. Iyayenmu da hannu suke ɗiban taki su kai gona, wa kika ji ya kashe? Kuma kin san yanzu muke neman babbar kasuwa. Wata ƙungiyar manoman lambu za ta riƙa ɗauka da yawa. In abin ya tabbata, ni da kaina zan gina miki ɗaki na siminti. Ki ƙara haƙuri."

"To, Yaya."

Wata maƙwabciya ce ta ga yadda take jan ƙafa, ta tausaya, ta riƙe ta har bakin titi suka hau adaidaita zuwa asibiti. Aka kwance bandejin, nas ta kau da kai. Likita ya sa aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji, ya ce su dawo. Da suka koma sai ya dubi Luba ya ce:

"Baba, ba ki da ciwon suga, mun duba. Amma ƙwayar cutar da ke cikin ƙafarki ba ta jin yawancin magungunan da muke bayarwa. Wane aiki kike yi?"

Ta gaya masa.

"Ki daina. Yau ɗin nan. Kuma kwantar da ke ya kamata a yi."

Ta kawo maganar gida. Hajiya Rukayya ta tafa hannu. "Su likitocin nan, kowa ya je sai sun ce gado. Wa zai yi jinya? Ni ga hawan jini, yaran ga makaranta." Nazeer ya ce a bari a gama da maganar ƙungiyar, in ya so sai a san abin yi. Ya sayo mata ledar shara baƙa, ya ce ta riƙa ɗaurawa a ƙafar in za ta yi aiki. Cikin ledar ƙafar ta riƙa dahuwa da zafi.

Ƙungiyar nan ba ta sayen taki sai an gwada shi. Wadda take yi musu gwajin wata mata ce, Malama Fanna, 'yar asalin Barno da aka haifa a Kabara, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje na harkar noma. Ranar da za ta zo ɗiban samfur, Nazeer ya sa aka share soro aka kunna turaren wuta, ya ajiye buhu ɗaya a kan tabarma. Ta buɗe, ta sa safar hannu, ta damƙa, ta shinshina.

"Wannan ai kashin shanu ne da ya daɗe da ruɓewa," in ji ta. "Ni kuwa na san na kaji kuke sayarwa."

"Gauraye muke yi, Malama."

"Ina ake haɗawa? Ina so in gani."

"Can gona ne, da nisa. Kuma hanyar ta lalace da ruwan nan."

Ta ɗiba ta tafi. Amma hancin da ya saba da aikin ba ya ɓata. Washegari da hantsi, lokacin da maza suka fita, ta dawo. Mace ce, ba mai hana ta shiga. Ta yi sallama, Hajiya tana wanka, ta bi warin har bakin langa-langa, ta tura.

Luba tana kan turmi, rariya a cinya, ƙafa cikin baƙar leda, ƙudaje sun yi mata rumfa. Ta ɗaga kai a tsorace. An daɗe rabon da baƙo ya tako wurin.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu. Kada ki ƙaraso, 'yar nan, za ki ɓata kayanki."

Fanna ta ƙaraso. Ta tsuguna a gabanta, kusa ƙwarai, har gwiwarta tana taɓa zanen Luba, ta faɗi sunanta da aikinta. Ta nemi ta ga ƙafar. Da aka kwance ledar sai ta rufe ido ta yi salati a hankali.

"Baba, ina safar hannunki? Ina dogon takalmin roba?"

"Wace safa?"

"Ba a ba ki ba?"

"Ba a ba ni komai ba sai rariya da shebur."

Fanna ta auna ko ta faɗa ko ta haɗiye. Sannan ta faɗa.

"Baba, wannan ba shi ne karo na farko da na gwada takin gidan nan ba. Tun kafin azumin da ya wuce Nazeer ya kawo mini shi da kansa. Na same shi cike da ragowar maganin da ake ba kaji. Kin san irin kafson da ake ba mutum in ciwo ya yi ruwa? Danginsa ne. Ana zuba wa kajin a ruwan sha kullum, ko suna ciwo ko lafiyarsu ƙalau, don su yi saurin girma. Jikinsu ba ya cinye shi duka, saura yana fita a kashi. Ƙwayoyin cutar da suka rayu a cikin kashin nan sun saba da maganin, ba ya kashe su. In suka shiga jikin mutum, sai a yi ta ba shi magani kamar ana ba shi ruwa."

Luba ta dubi tulin da ke gabanta, ta dubi tafin hannunta.

"Ba zan rantse miki cewa daga nan ciwonki ya samo ba," in ji Fanna. "Amma a lokacin na zaunar da su, Nazeer da Alhaji. Na ce a rage maganin, a kai takin fili a bar shi ya ruɓe sosai kafin a sayar. Na ce kada a ajiye shi inda mutum yake kwana, kada kowa ya taɓa shi da hannu tsirara, balle mai ciwo. Alhaji ya ce mini leburori ne ke yi a gona, kuma duk an saya musu kayan aiki."

"Yaya yana wurin?"

"Yana wurin."

"Kafin azumi."

"E, Baba."

Luba ba ta yi kuka ba. Ta ajiye rariyar a ƙasa, ta kakkaɓe cinyarta, ta yi ta kakkaɓewa bayan babu sauran abin kakkaɓa. Ita dai abin da ta sani, a azumin nan ita ta dama wa Yaya kunun tsamiya irin na mahaifiyarsu, ta aika masa, aka dawo mata da kwanon ba a buɗe ba, aka ce ya ƙoshi.

"Me kike so yanzu?" ta tambaya.

"In ɗiba daga nan. Amma ba zan ɗiba ba sai kin yarda, don na san a kanki zai ƙare. Takin nan yana zuwa lambu, ana zuba wa salak da karas, mutane suna ci ɗanye."

Luba ta miƙa hannu ta nuna. "Ɗebi wancan na ƙurya, shi aka kawo jiya. Ki haɗa da wannan da na tankaɗe, shi ake sa wa a buhu."

Kafin Fanna ta fita ta ce za ta yi wa Alhaji magana a kai ta asibiti. Ta kuma kama hannun Luba ta riƙe, ba safa. Luba ta bi ta da kallo har langa-langa ya rufe.

Sakamakon bai canja daga na farko ba. Ƙungiyar ta janye. Aka ce kuma jami'an tsafta za su zo duba gidan. Ranar da labarin ya iso, Alhaji ya tako har sashen ƙasa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ke kika shigo da ita?"

"Ita ta shigo, Yaya. Ni na nuna mata."

"A gidan ubanki. Kina ci, kina sha, ba a taɓa ce miki tashi ba. Da bakinki kika tona mana asiri."

"Yaya, an gaya maka kada a taɓa shi da hannu."

"Su 'yan boko me ba sa faɗa? In za a bi tasu ko ruwa ba za a sha ba."

"Ka ce mata leburori ne."

Ya gyara babbar riga ya juya. Daga tsakar gida ta jiyo muryar Hajiya tana cewa, "Ai dama na faɗa, mutum in ba shi da nasa, ba ya tausayin na wani."

Daga ranar aka daina ƙwanƙwasa langa-langa. Ana ajiye abincin dai, amma sai ta leƙa ta gani, wani lokaci kyanwa ta riga ta. Ba mai yi mata magana. Maƙwabciyar nan ta zo sau ɗaya, Hajiya ta ce Luba tana barci. Fanna ta yi ta kiran wayar Nazeer kan maganar asibiti, ya daina ɗagawa. Ta zo da kanta, aka tare ta a soro. Luba tana kwance tana jin kiran salla daga masallatan unguwa, wani na bin wani, ta yi taimama a bango ta yi salla a kwance. Ƙafar ta yi baƙi har idon sawu. Zazzaɓi ya riƙa ɗaukarta yana ajiyewa, tana kiran sunan mutanen da suka daɗe a ƙasa.

Jami'an tsafta ne suka sa aka fitar da ita, ba don sun zo ba, don ana jiran zuwansu. Nazeer ya kira 'yan kura su kwashe takin kafin a iso, shugabansu Mamman ya leƙa ɗakin neman tsintsiya, ya fito da baya yana salati. Ya ce wallahi ba mai ɗaga buhu ko ɗaya sai an fara ɗaga matar nan. A kan kurarsa aka kai ta bakin titi.

Likitoci sun gwada maganin da ya rage, ta jijiya. Bai riƙe ba. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

A ɗakin mata kowane gado da mutanensa. Da la'asar sai wuri ya cika da kuloli da flas da 'yan dubiya, ana ta "ya jiki, ya jiki". Gadon Luba yana jikin taga, kujerar gefensa ba kowa, har masu jinyar wasu suka saba jan ta ba tare da sun tambaya ba. Matar gadon kusa takan zuba mata shayi. Fanna takan biyo in ta tashi daga aiki, ta zauna kaɗan, ta tafi gidanta da 'ya'yanta. Luba ta lura da wani abu da ta rasa wanda za ta gaya wa: warin ya bar jikinta. Nas tana zama a bakin gadonta ba ta kau da kai. Amma kullum idonta yana ƙofa.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta hango shi. Farar shadda, hula zanna, leda a hannu. Don murna ba ta san lokacin da ta yunƙura ta zauna ba, tana gyara ɗankwali, tana jan bargo ta rufe jikinta.

"Yaya! Sannu da zuwa. Ga kujera, a miƙo masa kujera."

Ya zauna, ya ajiye ledar lemo da ayaba. "Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya su Hajiya? Ya yara?"

"Duk lafiya. Suna gaishe ki. Hajiya ta so zuwa, jinin ne ya hau." Ya yi gyaran murya, ya dubi gadajen kusa, ya matso ya rage murya. "Luba, abin da ya wuce ya wuce, ni na yafe miki. Yanzu ga abin da ake ciki. Jami'an tsaftar nan sun zo ba su sami komai a gida ba, amma matar nan mai gwaji ta rubuta cewa a gida ake aikin, kuma ke kike yi. Za su zo nan su tambaye ki. Ki ce musu ɗan abin da ta ɗiba na shukar gida ne, ba na sayarwa ba. Ƙafa kuma ki ce ƙusa kika taka a hanya. Kin ga sunan gidanmu ne. Kuma akwai maganar auren Nazeer, kada mutane su ji wani abu."

Luba ta dube shi. Fuskar babansu ce sak, har yadda gira take ɗagawa.

"Shi ke nan abin da ya kawo ka, Yaya?"

"Da dubiya mana."

"To wace ƙafa aka yanke mini?"

Alhaji ya dubi bargon. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Bargon mai kauri ne, ta kuma naɗe ɗayar ƙafar a ciki. Ya ɗaga hannu kamar zai nuna, ya mayar da shi kan gwiwarsa. Matar gadon kusa ta daina juya shayinta.

"Luba, wannan wace irin tambaya ce?"

"Ba komai, Yaya. Ka gaida gida."

Ta zame ta kwanta, ta juya fuska wajen taga. Ya ɗan zauna, ya duba agogo, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Da jami'an suka zo ta gaya musu abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Suka rubuta, suka yi mata sannu. An ce an ja wa Alhaji kunne, an hana shi ajiye taki a cikin gari. Ya mayar da aikin gona, ya sake wa buhunan suna da launi. A unguwa har yanzu ana yabonsa, ana cewa mutum ne mai riƙon zumunci, shi ya riƙe ƙanwarsa tun da mijinta ya mutu, ita ce dai ba ta da godiya.

Ranar da aka sallame ta, nas ta haɗa mata kayanta a leda ɗaya, ta miƙa mata sanduna biyu, ta tambaye ta wa zai zo ɗaukarta. Luba ta ce a bari tukuna, wataƙila suna hanya. Aka zaunar da ita a benci a baranda, don akwai mai jiran gadon. Tana nan zaune aka kira azahar. Tana nan aka kira la'asar.